Awon gamsuwar majinyaci bayan dashen na'urar ji cikin kunne

Gabatarwa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita na iya duba kunnen mutum, ya auna ƙarfin jinsa da na'ura, ya rubuta sakamako a takarda. Amma akwai abubuwan da na'ura ba ta iya faɗi. Shin mutumin nan yana shiga hira in iyalinsa sun taru, ko kuwa yana zaune gefe guda? Yana iya cinikinsa a kasuwa ba tare da ɗan rakiya ba? Yana murna da aikin da aka yi masa, ko yana da-na-sani? Amsar waɗannan tambayoyi tana bakin majinyaci ne kaɗai.

Wannan bayani zai nuna muku yadda masana kiwon lafiya ke tattara irin waɗannan amsoshi daga mutanen da aka dasa wa na'urar ji cikin kunne. Suna amfani da takardar tambayoyi wadda majinyaci ke amsawa da kansa. Za mu ga yadda takardar take, yadda ake lissafin makinta, da abubuwan da ke iya ɓata awon.

Yadda kunne ke ji

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wanda ke tattaro sauti. Akwai na tsakiya, inda dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3 ke karkarwa in sauti ya buge su. Sannan akwai na can ciki, inda wani ɗan ƙashi yake a murɗe kamar katantanwa. Za mu riƙa kiransa katantanwar kunne. A cikinta akwai ruwa da dubban ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu. Su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙo, sai jijiyar ji ta kai saƙon ga ƙwaƙwalwa.

In waɗannan ƙwayoyi suka lalace, ba sa sake tsirowa. Ciwon sanƙarau na iya lalata su, haka wasu magunguna masu ƙarfi, da ƙara mai tsanani, da tsufa. Wasu kuma haka aka haife su. In lalacewar kaɗan ce, na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne tana taimakawa. In ta yi yawa, ƙara sauti ba ya amfani, tamkar ɗaga murya ne a gaban ƙofar da aka toshe.

Mine ne dashen na'urar ji?

Na'urar dashe tana tsallake wurin da ya lalace, ta yi magana da jijiyar ji kai tsaye ta hanyar ɗan lantarki kaɗan. Ita ma kashi biyu ce.

Kashi na waje ana rataya shi bayan kunne. Yana ɗaukar sauti, ya sarrafa shi, ya tura shi cikin kai ta wani ɗan faifai mai maganaɗisu da ke manne wa fata. Yana aiki da batir, wato pil.

Kashi na ciki likitan fiɗa ke sa shi ƙarƙashin fata, bayan kunne. Daga jikinsa wata siririyar waya ta fito, a zura ta cikin katantanwar kunne. A jikin wayar akwai ƴan ɗigogin ƙarfe, daga 12 zuwa 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Su ne ke taɓa jijiya da lantarki. Galibi ana kunna na'urar mako 2 zuwa 4 bayan aikin fiɗa, in rauni ya warke.

Wannan ilimi ya yi doguwar tafiya. A shekarar 1957, a birnin Paris na ƙasar Faransa, André Djourno da Charles Eyriès suka taɓa jijiyar jin wani kurma da lantarki, ya ji wasu sautuka, ko da yake bai iya bin magana sosai ba. A 1961 likita William House ya fara nasa dashe a Los Angeles ta Amurka. A 1977 a birnin Viyana na Ostiriya aka dasa na'ura mai ɗigogi da yawa wadda Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera, a 1978 kuma Graeme Clark ya yi irin wannan aiki a Melbourne ta Ostiraliya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a yi wa manya dashe a 1984, yara kuma a 1990. Bisa ƙidayar hukumomin lafiya na Amurka, zuwa watan Disamba na 2019 an dasa kimanin na'urori dubu 736 da ɗari 9 a duniya.

Abin lura: na'urar ba ta mayar da ji kamar yadda yake tun farko. Ranar da aka kunna ta, muryoyi kan fito wani iri, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Sai ƙwaƙwalwa ta yi watanni tana koyo kafin ta saba.

Mi ya sa awon likita kaɗai bai isa ba?

Bayan dashe, ma'aikacin awon ji yana shigar da majinyaci wani ɗaki da aka tsare daga hayaniya. Ana kunna masa kalmomi ko jimloli, yana maimaitawa. In ya kama kalma 70 cikin 100, sai a rubuta kashi 70 bisa ɗari. Wannan awo na da amfani ƙwarai, domin da shi ake daidaita na'urar.

Sai dai kuma ba a ɗakin awo mutum ke rayuwa ba. A gida yara na kuka, rediyo na aiki, mutum uku na magana lokaci guda. Wani zai ci maki mai yawa a ɗakin awo, ya koma gida ya cire na'urar saboda tana gajiyar da shi. Wani kuma makinsa kaɗan ne, amma yana cike da farin ciki domin yanzu yana jin an kira sunansa, yana jin mota na tahowa ta bayansa.

Masana sun binciki wannan al'amari. A shekarar 2018 likita Theodore McRackan da abokan aikinsa na jami'ar koyon likitanci ta jihar Karolina ta Kudu, a Amurka, suka tattara sakamakon bincike da yawa da aka riga aka yi. Suka tarar cewa mutane na samun ci gaba a rayuwarsu bayan dashe, amma dangantakar da ke tsakanin makin ɗakin awo da abin da majinyaci ke faɗi game da rayuwarsa mai rauni ce. Ma'ana, in ka san makin mutum a ɗakin awo, ba ka san gamsuwarsa ba tukuna. Dole sai an tambaye shi.

Mine ne takardar tambayoyi?

Tambaya da baki kawai ba ta wadatar ba. In likita ya ce wa mutum «Yaya jiki?», amsar da zai samu ita ce «Da sauƙi», ko da kuwa ciwon na nan. Kuma kowane likita da irin tasa tambaya, don haka ba a iya gwada amsar wannan da ta wancan.

Shi ya sa aka tsara takardar tambayoyi. Tambayoyinta ba sa canjawa, kowa iri ɗaya ake yi masa. Kowace tambaya tana magana a kan wani abu guda na rayuwar yau da kullum. A gabanta an jera amsoshi, majinyaci ya zaɓi ɗaya. Kowace amsa tana da maki. Kafin a yarda da irin wannan takarda, sai an gwada ta a kan mutane masu yawa, a ga ko suna fahimtarta, a kuma ga ko mutum ɗaya zai ba da amsa iri ɗaya in aka maimaita masa bayan ƴan kwanaki alhali halinsa bai sake ba.

Ya kamata mu bambanta abubuwa uku da ake yawan haɗawa:

1. Amfani: mi mutum ke iya ji yanzu wanda da ba ya iyawa?
2. Ingancin rayuwa: yaya zamansa da jama'a, da aikinsa, da kwanciyar hankalinsa?
3. Gamsuwa: shin abin da ya samu ya kai abin da ya sa rai, in an dubi wahala da kuɗin da ya kashe?

Mutum na iya samun amfani bai gamsu ba. Saboda haka masu bincike kan haɗa takarda biyu ko uku.

Sanannun takardun tambayoyi

NCIQ. An tsara ta a garin Nijmegen na ƙasar Holan, aka fitar da ita a shekarar 2000, musamman domin manyan da aka yi wa dashe. Tana da tambaya 60, an raba su babi 6, kowane babi tambaya 10: jin sautuka na yau da kullum, jin abubuwa masu wuya kamar waya da kiɗa, fitar da magana, yadda mutum ke ɗaukar darajar kansa, ayyukansa, da cuɗanyarsa da jama'a.

SADL. Robyn Cox da Genevieve Alexander na jami'ar Memphis a Amurka suka fitar da ita a 1999. Tana da tambaya 15, kuma gamsuwa ita ce ainihin abin da take aunawa. Tana duba alherin da na'ura ta kawo, da kulawar ma'aikata da tsada, da abubuwan da ke ɓata rai, da yadda mutum ke ganin kansa cikin mutane da na'ura a kunne. Domin masu na'urar ƙara sauti aka yi ta, daga baya aka gyara ta domin masu dashe.

GBI. An yi ta a birnin Gilasgo na Sikotilan a 1996. Tambayoyinta 18 ne, kuma sau ɗaya ake cika ta, bayan aiki. Kowace tambaya na neman sanin ko abu ya gyaru, ko ya ɓaci, ko yana nan yadda yake. Makinta daga 100 ƙasa da sifiri ne zuwa 100 sama da sifiri. Sifiri na nufin aikin bai canja kome ba.

SSQ. Stuart Gatehouse da William Noble suka fitar da ita a 2004. Tana da tambaya 49, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 10. Tana tambaya a kan jin magana cikin hayaniya, da gane inda sauti ke fitowa, da tsabtar sautin. Da aka ga ta yi tsawo, a 2013 aka fitar da gajeruwarta mai tambaya 12.

CIQOL-35. Rukunin likita McRackan ne ya fitar da ita a 2019. Kafin a rubuta tambayoyinta 35, sai da aka zauna da masu ɗauke da na'urar, suka faɗi abin da ya fi damunsu. Shi ya sa a cikinta akwai babi guda a kan wahalar sauraro, wato gajiyar da mutum ke yi in yana ƙoƙarin bin magana.

Yadda ake lissafin maki

Mu ɗauki NCIQ mu yi misali. A mafi yawan tambayoyinta, amsoshi biyar ne, kowace da makinta:

Sam: 0
Jefi-jefi: 25
Akai-akai: 50
Galibi: 75
Kullum: 100

Akwai kuma gurbin da mutum zai nuna cewa tambayar ba ta shafe shi ba. In tambayar a kan matsala ce, kamar jin kunya cikin taro, sai a juya makin, «kullum» ya zama 0, «sam» ya zama 100. Ta haka maki mai yawa kullum alheri yake nufi.

A ce wani tela ne ya kurumce, ya cika takardar kafin aiki. A babin jin sautuka, cikin tambaya 10 ya amsa «sam» sau 5, «jefi-jefi» sau 4, «akai-akai» sau 1. Lissafi: 0 da 100 da 50, jimla 150. A raba 150 gida 10, an samu 15.

Shekara guda bayan dashe ya sake cikawa. Ya amsa «akai-akai» sau 2, «galibi» sau 4, «kullum» sau 4. Lissafi: 100 da 300 da 400, jimla 800. A raba gida 10, an samu 80. Ke nan ya tashi daga 15 zuwa 80.

To, a ce a babin cuɗanya da jama'a ya tashi daga 30 zuwa 40 kawai. Wannan na gaya wa likita wani abu da ɗakin awo ba zai nuna ba: kunnen tela ya buɗe, amma har yanzu yana gudun taro. Wataƙila hayaniya ce ke rikita shi, wataƙila kuma shekarun da ya yi a keɓe ne suka sa ya saba da kaɗaici. Sai a sake daidaita masa na'ura, a ƙara masa horon sauraro, a kuma zauna da iyalinsa a koya musu su riƙa fuskantarsa in suna magana, ɗaya bayan ɗaya. Amfanin takardar ke nan: tana nuna inda ɗaki ke yoyo.

Yaushe ake cika takardar?

Abin da ya fi kyau shi ne a cika ta kafin aikin fiɗa, domin a san inda aka taso. Sannan a maimaita bayan an kunna na'urar. Asibitoci da yawa na yin haka a wata na 3, da na 6, da na 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Mafi yawan ci gaba cikin shekarar farko ake samunsa. Wanda aka tambaya mako guda bayan kunna na'ura zai iya cewa bai gamsu ba, alhali bayan wata shida maganarsa ta sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da amsoshin mutane suka nuna

Daga takardun da aka tattara a ƙasashe daban-daban, an fahimci abubuwa kamar haka:

Mafi yawan manyan da suka kurumce bayan sun iya magana suna cewa rayuwarsu ta gyaru bayan dashe, musamman wajen hira da mutum ɗaya a wuri marar hayaniya.

Abubuwan da aka fi kuka da su su ne magana cikin taro, da sauraron kiɗa da waƙa, da gane inda sauti ke fitowa in kunne ɗaya kaɗai aka yi wa dashe.

Wanda ya daɗe ƙwarai cikin kurumta kafin dashe, galibi ci gabansa wajen fahimtar magana ya fi tafiya a hankali.

Abin da mutum ya sa rai yana da nauyi. Wanda ya ɗauka zai tashi daga gadon asibiti yana ji kamar da, zai iya ɓacin rai ko da aikin ya yi kyau. Shi ya sa ake zama da majinyaci tun kafin aiki, a tambaye shi abin da yake fata, a gaya masa gaskiyar abin da na'urar ke iyawa da wanda ba ta iyawa.

Hukumomi ma na amfani da irin wannan awo. Dashe na cin kuɗi masu yawa, ga kuɗin batir da gyara har tsawon rai. A Ingila, hukumar NICE da ke ba da shawara a kan magungunan da gwamnati za ta biya ta duba awon ingancin rayuwa kafin ta fitar da ƙa'idarta a kan dashe a 2009, ta kuma sabunta ta a 2019. Ashe amsar da majinyaci ɗaya ya bayar tana iya shafar waɗanda ke jira a bayansa.

Abubuwan da ke ɓata awo

Takardar tambayoyi ma'auni ce, kuma kowane ma'auni na iya karkata. Ga manyan dalilai:

1. Kunya da godiya. Mutum na jin nauyin ya gaya wa likitan da ya yi masa ɗawainiya cewa bai ji daɗi ba. Maganin wannan shi ne wani dabam ya karɓi takardar, a kuma tabbatar wa majinyaci cewa amsarsa ba za ta rage kulawar da ake ba shi ba.

2. Waɗanda ba su mayar da takarda ba. In an raba takarda 100, guda 60 suka dawo, ina labarin sauran 40? Mai yiwuwa cikinsu ne waɗanda suka ajiye na'urar suka daina sawa. Duk wanda ya ji an ce kashi kaza sun gamsu, ya kamata ya tambaya: mutum nawa aka tambaya, nawa suka amsa?

3. Mantuwa. In sai bayan aiki aka tambayi mutum yadda yake a da, yana iya ƙara wa wahalar baya gishiri ko ya rage mata.

4. Tsawon takarda. Tambaya 60 na gajiyarwa. In mutum ya gaji, sai ya riƙa zaɓen amsa ɗaya har ƙarshe.

5. Amsawa a madadin mai ita. In miji ya amsa wa matarsa, ko ɗa ya amsa wa mahaifinsa, ra'ayin mai rakiya aka auna. Ra'ayin iyali na da amfani, amma a takarda ta dabam ake ɗaukarsa.

Yara ƙanana

Jariri ba ya cika takarda, don haka iyayensa ake tambaya abin da suka gani da idonsu. Takardar LittlEARS tana da tambaya 35 da ake amsawa da «i» ko «a'a», a kan yadda yaro ke waiwayar sauti da yadda yake fara gane kalmomi. Takardar PEACH, wadda aka fitar a Ostiraliya a 2007, tana neman iyaye su lura da yaron cikin gida na ƴan kwanaki, sannan su ba da misalai. In yaro ya girma ya iya bayani, sai a tambaye shi da kansa, domin sau da yawa abin da ke damunsa a makaranta ko cikin abokai iyaye ba su sani ba.

Akwai kuma kurame da suka gamsu da maganar hannu, suna rayuwarsu da ita, ba su neman dashe. Wannan ma zaɓi ne da ya cancanci girmamawa. Yaron da aka yi wa dashe ma bai kamata a bar shi ba harshe ba ko na wata guda, maganar hannu tana iya tafiya tare da horon sauraro.

Ina abin ya shafe mu?

Rahoton ƙungiyar lafiya ta duniya OMS na shekarar 2021 ya ce mutum miliyan 430 a duniya na da raunin ji da ke buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 bisa ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. Ƙasarmu Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla lokacin rani. An fara rigakafin MenAfriVac a nan a 2010, amma a 2015 wani nau'in ciwon ya sake yin ɓarna, har a birnin Yamai. Kurumta na cikin raunukan da sanƙarau ke bari. Bayan ciwon, katantanwar kunne na iya cikewa da ƙashi cikin ƴan makonni ko watanni, abin da ke sa zura wayar dashe ya yi wuya. Don haka duk wanda ya tashi daga sanƙarau, a gaggauta auna jinsa.

Takardun da muka ambata kuwa a Turai da Amurka da Ostiraliya aka rubuta su, domin mutanen da ke karatu da rubutu. In za a yi aiki da su cikin Hausa, sai an kula da abu uku.

Na farko, fassara. Ƙa'ida ita ce mutum biyu su fassara, kowa shi kaɗai, a daidaita, sannan wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita harshen farko, a gwada a gani ko ma'ana ta kauce. Daga nan a jarraba ta da majinyata.

Na biyu, misalai. Tambaya a kan ƙararrawar ƙofa ko injin shara ba ta da ma'ana ga mutumin karkarar Maraɗi ko Tawa. Abin da ya shafe shi shi ne ko yana jin sallama daga zaure, ko yana jin ƙarar kabu-kabu ta bayansa, ko yana bin labaru a rediyo, ko yana iya magana ta salula.

Na uku, harshen kansa. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. «Kuka» na itace da «kuka» na hawaye, a rubuce ɗaya ne, murya ce ke raba su. Na'urar dashe kuwa ba ta isar da hawa da saukar murya sosai, kamar yadda aka gani wajen masu magana da Sinanci, wanda shi ma irin wannan harshe ne. Takardar da aka tsara domin Bahaushe ya dace ta tambayi wannan.

Wanda bai iya karatu ba ana iya karanta masa tambayoyin, in yana ji, ko a yi masa da maganar hannu ko da zane. Sharaɗi shi ne mai karantawa ya faɗi tambaya yadda take, kada ya ƙara nasa, kada ya nuna amsar da yake so. A nan ne amfanin yaƙi da jahilci ke fitowa fili: mai raunin ji da ya iya karatu yana amsa takardarsa da kansa, ba mai shiga tsakaninsa da likita.

Shawara ga mai amsa tambayoyi

Waɗannan shawarwari sun shafi kowace takardar tambayoyi da za a ba ku a asibiti, ko a kan kunne ce ko a kan wani abu dabam:

1. Ku tambayi dalilin takardar da wanda zai ga amsoshinku. Kuna da ikon ƙin amsawa.
2. Ku karanta kowace tambaya har ƙarshe, da dukan amsoshin da ke gabanta, kafin ku zaɓa.
3. Ku tuna da abin da ya faru cikin kwanakin nan, kada ku dubi ranar da ta fi kyau ko wadda ta fi muni kaɗai.
4. In ba ku gane ba, ku ce a maimaita. Matambayi ba ya ɓata.
5. In tambaya ba ta shafe ku ba, ku faɗi haka, kada ku yi cinke.
6. Ku faɗi abin da bai yi muku daɗi ba. Wannan ba rashin godiya ba ne. Da shi ne likita zai san abin da zai gyara, a gare ku da waɗanda za su zo bayanku.

Tambayoyin tattaunawa cikin aji

1. Mine ne bambanci tsakanin amfani da gamsuwa? Ku kawo misali daga noma ko kasuwanci.
2. Wata mata ta amsa «galibi» sau 6, «akai-akai» sau 4. Nawa ne makinta a wannan babi?
3. Mi ya sa ya fi kyau wani ma'aikaci dabam ya karɓi takardar, ba likitan da ya yi aikin ba?
4. In ku za ku rubuta tambaya 5 domin auna jin mutumin garinku, waɗanne sautuka za ku sa a ciki?